Dutse Mai Ɗumi

Akwai tabo a tafin hannuna na dama, zagayayye, girman ƙwan zabo. Jikokina na ce musu salansar mashin ce ta ƙone ni. Ba ita ba ce.

Sunana Audi. Na yi kamasho a tashar Funtuwa, na yi dillancin shanu, na bi tirela har Ikko, sannan na dawo garinmu Tudun Ƙirya, can bayan Kuyello, da ciwon gwiwa da idon da ke gane maƙaryaci kafin ya buɗe baki. Saboda wannan idon aka ba ni ajiyar tulu.

Bari in faɗi yadda tulun ya samo asali. Tun da ɓarayi suka cika dajin nan, mutum ya daina zuwa gona shi kaɗai. Girbi sai da gayya. Gari ya fita gaba ɗaya, 'yan sa-kai su tsaya a bakin daji da bindigogi, a yanke dawar gona uku a yini, a ɗaure, a kwaso kafin la'asar. Gonakinmu arba'in da ɗaya ne, aikin mako biyu ke nan. Wanda aka fara da shi ya tsira da abincin shekara. Wanda ya zo ƙarshe yakan tarar an sa wa gonarsa wuta, ko an kora shanun sata sun bi ta ciki.

A da Sarkin Noma Bakoji ne ke faɗin gonar da za a fara. Yana da wata kujerar katako mai hannu, a gindin ɗorawar da ke gaban firamare yake ajiye ta ya zauna. Tasa gonar ce farko, sai ta surukansa, sai ta wanda ya kai masa kaza. Shekarar da aka ƙone gonaki tara a yini ɗaya muna can muna ɗaure dawar surukin Bakoji, wani saurayin magidanci mai suna Mamuda ya ajiye laujensa a tsakiyar gona ya ce shi ya gama. Abokinsa Ƙasimu ya ajiye nasa. Kafin a kira azahar babu mai riƙe da lauje.

Ba a daki kowa ba. Mamuda zuwa ya yi ya durƙusa ya gaida Bakoji, ya ce, “Baba, kujerar muke so.” Bakoji ya dubi yawan mutanen da ke bayansa, ya tashi.

Mamuda ya ce babu wanda zai sake zama a kanta. Ya ɗora mata tulu. Ya sa kowane mai gona ya je rafi ya ɗauko dutse mai santsi, duk girma ɗaya, ya yi masa alamarsa da fenti. Za a zuba su a tulu, a riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya, yadda suka fito haka gayya za ta bi. Dutsen shugaba da na gwauro duk a tulu ɗaya. Ba kaza, ba gaisuwa. Mai zarowa kuwa Baba Isaiah ne, wani tsohon Bagwari makaho daga unguwar da ke hayin rafi. Ba ya gani, ba shi da suruki a cikinmu, gonarsa kuma daji ya riga ya cinye. Shi zai zaro ya miƙo mini, ni in ɗaga kowa ya gani, in jera a ƙasa. Hannu biyu kaɗai ke taɓa dutse ran zaɓe, nasa da nawa.

Shekarar farko dutsen Bakoji ne ya fito na huɗu. Samari suka ce a sake. Mamuda ya ce wanda ya taɓa tulun nan ya taɓa shi. Nasa dutsen, mai ɗigo biyu ja, sai da aka kai talatin da tara ya fito. Ya yi dariya ya ce ashe dutsen ma ya san shi. Rabin dawarsa ya rasa a shekarar. Na yi yawon duniya, ban taɓa ganin mutum ya tafka asara yana tafiya kamar wanda ya ci riba ba sai shi. Ni kaina a kwanakin nan na daina ƙarya a ciniki, har matata ta tambaye ni ko lafiya.

Da damina ta zagayo aka harbe Mamuda a hanyar kasuwar Kuyello, da rana tsaka, a kan mashin ɗinsa. Ya bar matarsa Tasalla da 'ya'ya mata uku da gonar nan tasa da ke mashigin rafi, ta ƙarshe kafin daji.

Kowa yana so a fara da gonarta a wannan kaka, amma babu mai iya faɗa, don dokar mijinta ce ta hana. Ni na nemo hanyar. Ran zaɓe da hantsi na ɗora dutsen mai ɗigo biyu a kan kwanon ɗakina, ya sha rana har azahar. Da zan fito da tulu na jefa shi a ciki. Ina jan Baba Isaiah zuwa wurin zamansa na raɗa masa, “Baba, akwai mai ɗumi. Na marayu ne.” Ya sa hannu, ya daɗe yana juyawa, ya zaro shi. Mata suka fashe da kuka. Liman ya ce Allah ne ya nuna ikonsa. Ni ma na yi hawaye, kuma na gaske ne, abin da har yau nake mamaki.

Da na yi shiru da a nan ta tsaya. Amma mutum irina ba ya iya yin wayo a rasa wanda ya sani. Da bakina na gaya wa Ƙasimu, wanda ya gaji shugabancin, muna cin gyaɗa a ƙofar gidana. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Baba Audi, kai dai ɗan tasha ne.”

Kaka ta gaba ya zo mini da magana mai ma'ana. Ya ce 'yan sa-kai shida ne ke tsare mu. Mutumin da dawarsa ke tsaye a gona, idonsa ba ya kan daji, yana kan gonarsa. A fara da su, don lafiyar kowa. Na juya maganar ta ko'ina ban ga ƙarya a ciki ba. Na ɗora shida a kwano. Shekarar da ta biyo aka ƙara 'yan kwamitin gayya, don su ke zirga-zirga, da mai a-kori-kurar da ke kwaso mana dami, da Liman. Da muka ƙidaya sha ɗaya Ƙasimu ya ce, “Mai tulu ma ai mutum ne.” Ban roƙa ba. Ban kuma ce a'a ba. Suka zama sha biyu.

A wannan tsakanin ne aka sauke tulu ƙasa. Wata rana taro ya yi tsawo, Ƙasimu ya ce bayansa na ciwo, wani ya ɗauke tulun ya ba shi kujerar ya ɗan huta. Hutun bai ƙare ba har yau. Kaza kam ba ya karɓa, wannan zan shaide shi. Man mashin ake kai masa, don sintiri. Na kuma lura na daina kiran sunansa, ni da na je sunansa. Shugaba nake cewa.

A kaka ta biyar, dawa ta nuna, wani maƙwabcinmu Bafulatani, Bilyaminu, wanda shi ma ɓarayin suka raba da shanunsa, ya kawo labari cewa za su tashi daga sansaninsu su ƙetara rafi da garken sata kafin mako ya cika. Mashigi ɗaya ne shanu ke iya bi. Gonar Tasalla na bakinsa.

Ana gobe zaɓe da la'asar ta yi sallama a ƙofar gidana. Ba ta shiga wurin matata ba, a zaure ta tsaya.

“Yaya Audi, ina wuni.”

“Lafiya lau, Tasalla. Ya yaran?”

“Suna gaishe ka. Alice matar Baba Isaiah ta gaya mini yadda dutsena ya fito shekarar da aka kashe babansu.”

Na ce mata mata da surutu, ban san me aka gaya mata ba.

Ta ce, “Ban zo faɗa ba. Na ci dawar, yara sun ci, ba zan ce ban gode ba. Amma shekara uku ina kuka ina cewa Allah ya tuna da ni, ashe kwanon ɗakinka ne.”

Na rasa inda zan sa idona. Na yi abin da na saba yi in ciniki ya juya mini, na yi tayi. Na ce ta kwantar da hankalinta, gobe zan ga abin da zan iya yi wa nata.

“A'a,” in ji ta. “Ban ce ka ɗumama nawa ba. Ka bar su duka yadda suke. In na fito farko, to. In na fito ƙarshe, shi ma talatin da tara ya fito bai mutu don wannan ba. Abin da na zo roƙo ke nan.”

Na ce in sha Allahu. Ta dube ni kamar mai auna hatsi, ta ce in gaida matata, ta tafi.

Na tarar da Ƙasimu a gindin ɗorawa yana danna waya. Na gaya masa duka, har na ƙara da nawa, na ce shekara ɗaya tal mu yi shi yadda Mamuda ya bari.

Ya ajiye wayar. Ƙasimu ba ya ɗaga murya, shi ya sa yake da wuyar musu.

“Baba Audi, ni na ɗauko gawar Mamuda a bayana. Kada ka koya mini son sa. Amma zamaninsa daban. Lokacin ɓarayin nan da adda suke zuwa, yanzu ka san abin da suke riƙewa. In dutsenta ya fito gobe da wuri, mutum sittin zan kai bakin mashigi a makon da aka ce za su ƙetara. In aka kashe biyar, kai za ka je ka gaya wa matansu dutse ne ya ce?”

Na ce to a faɗa wa mutane haka a fili, a yi shawara.

“A fili? Ran da aka ce kwamiti ya tsallake gonar Mamuda, ran nan tafiyar nan ta mutu. Bakoji da mutanensa jira suke. Tulun ne ke riƙe da garin nan, Baba. Dole tulun ne zai faɗa.” Ya sake ɗaukar wayarsa. “Nata ya zo ƙarshe. Kafin nan mun ga yadda dajin yake. In kuma gwiwarka ta fara hana ka hawa kwano, ka faɗa, akwai masu ƙarfi. Naka dutsen sai ya koma cikin jama'a.”

Gonata ba ta bakin mashigi, amma ba ta da nisa da shi. Ina da baki goma sha huɗu a gida. Wannan shi ne abin da na riƙa faɗa wa kaina a hanya, kuma gaskiya ne, sai dai Tasalla ma tana da huɗu.

Washegari da hantsi na jera sha biyu a kan kwano. Mai ɗigo biyu kuwa na jefa shi cikin randar matata, can ƙasa inda ruwa ya fi sanyi. Ta ce in bar su duka yadda suke. Nata kaɗai na taɓa fiye da na kowa.

Ina jan Baba Isaiah zuwa tabarmarsa na raɗa masa, “Sha biyu ne. Akwai kuma mai sanyi, shi ne na ƙarshe.”

Ya tsaya. “Na wa?”

Na sunkuya ina gyara masa tabarma.

“Audi ɗan tasha,” in ji shi a hankali. “Da marayu ka shigo da ni.”

“Baba, jama'a na kallo.”

“Ni ai ba na ganinsu.” Amma ya zauna. Unguwarsu 'yan sa-kan Ƙasimu ne ke kwana a bakinta, ya sani, na sani.

Aka yi addu'a, aka ambaci Mamuda. Sha biyun suka fito ɗaya bayan ɗaya, ina ɗagawa, ana cewa ma sha Allah. Nawa ne na bakwai. Bakoji, wanda yanzu goro yake sayarwa a faranti, yana zaune kusa da inda nake jerawa. Da na sunkuya ajiye na sha biyu ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, “Audi, ni da kaza nake yi, mai kaza ya san inda zai kai. Ku da rana kuke yi. Talaka ina zai sayo rana?”

A nan na gane ba mu kaɗai muka sani ba. Na ɗaga kai na dubi taron. Shekara uku sunaye iri ɗaya ke fitowa farko, kuma waɗannan mutane ne da ke gane buhun da aka yi wa coge daga ɗagawa. Sun sani. Kowa ya yi shiru ne yana fatan wata shekara a ɗora nasa.

Tasalla tana can gefen mata, a tsaye. Aka wuce ashirin, aka wuce talatin. Da ya rage ɗaya Baba Isaiah ya zaro shi ya riƙe cikin tafukansa biyu, yana murzawa kamar mai son ya ɗumama shi, har Ƙasimu ya yi gyaran murya. Ya miƙo mini. Da sauran danshi a jikinsa. Na ɗaga. Ban dubi gefen mata ba.

Kwana na uku aka kwaso dawata, dami sittin da biyu, ta cika rumbu har na aro na maƙwabci. Kwana na shida muna gonar wani a kan tudu muka hango garken yana gangarowa mashigi, shanu sun fi ɗari uku, da mutane a kan mashina gaba da baya. Ƙasimu ya ce kada wanda ya yi harbi, kuma daidai ya faɗa, da an yi da ba mu dawo ba. Muka kwanta cikin karan dawa muna kallo. Ba su ko yi sauri ba. Sun bar shanun sun yi kiwo a gonar Tasalla tun hantsi har rana ta take.

Washegari ta je ita da babbar 'yarta Bushira, ba rakiya, suka tsinto abin da kofato bai murƙushe ba. Daro biyu.

Al'adar ita ce, in an gama gonar mutum ya ɗauki dutsensa daga layi ya tafi da shi gida, ran rufe gayya kowa ya kawo ya sa a hannuna in mayar tulu. Nata ya kwana goma sha huɗu a gindin ɗorawa har ya rage shi kaɗai, sannan wata safiya na ga babu shi.

Ran rufewa Ƙasimu ya yi jawabi. Ya ce tafiyar da Mamuda ya fara ba ta manta da nata. Ya sa aka jero dami biyar a gaban kujera, gudummawar kwamiti ga iyalan marigayi, ya ba wani waya ya ɗauki hoto. Ɗaya daga cikin damin nawa ne. Aka fara kawo duwatsu, ina karɓa ina jefawa.

Ita ce ta ƙarshe, kamar yadda ta fito. Ta taho da dutsen a cikin tsumma, ta wuce damin ba ta kalle su ba. Na miƙa hannu.

“Yaya Audi, ga nawa,” in ji ta, ba da ƙarfi ba. “Na hutar da kai hawa kwano. Na ɗumama shi da kaina.”

Ta saki bakin tsumman.

Daga cikin murhu ta ciro shi. Na san haka kafin ya gama sauka. Duk mai hankali yarfar da shi zai yi. Amma in na yar, za a tambaya me ya faru, in aka tambaya sai an amsa. Sai na dunƙule hannuna a kansa. Taku huɗu ne tsakanina da tulu. Na yi su ɗaya bayan ɗaya, fuskata a sake, irin fuskar da nake yi in mai saniya ya kama ni da ƙarya. Na sa hannu cikin tulu, na buɗe, sai da na girgiza kafin ya rabu da fatata.

Baba Isaiah ya ɗaga hanci. “Ina jin ƙauri,” in ji shi. “Me ke ƙonewa?”

Mutum sun fi ɗari a wurin. Babu wanda ya amsa masa. Liman ya shafa fatiha.

Tasalla ba ta ɗauki damin ba. Kafin wata ya ƙare ta kwashe yaran ta koma wurin wanta a cikin Birnin Gwari, tana suyar awara a bakin titi kusa da tasha. Na gan ta sau biyu daga cikin mota. Duka biyun na sunkuya kamar ina neman wani abu a ƙasa. Baba Isaiah ya ce hannunsa ya fara rawa, a nemi wani. Aka samo wani makahon daga Dogon Dawa, shi ba ya tambayar na wa.

Gonar mashigi kuwa Tasalla ta ba da aronta, don babu mai noma mata. Ƙanen Ƙasimu ne ya karɓa. Ƙasa ce mai kyau, bakin rafi. Ba a sake dutse ba, mai ɗigo biyun nan ne dai.

Bana ana gobe zaɓe Shugaba ya kira ni. Ya ce ya yi tunani, gonar nan tana bakin daji, kowa ya ga abin da ya faru bara, hankali ba zai ɗauka a bar ta ta kai ƙarshe ba. A fara da ita. Na juya maganar ta ko'ina ban ga ƙarya a ciki ba.

Hannuna na dama ba ya dunƙuluwa sosai yanzu. Da hagu na ɗora mai ɗigo biyun a kan kwano.